Sharhi: maganin Bt da tsutsar da ke cin karan manyan kabewa

Duk mai noman manyan kabewa a gabashin Amurka ya san tsutsar nan da ke shiga cikin kara ta yi ta ci a ɓoye. Irin Atlantic Giant, wanda Howard Dill ya fitar a Nova Scotia ta ƙasar Kanada, shi ne irin da Travis Gienger ya noma a Minnesota har kabewa guda ta kai kilo 1,247 a 2023. Karansa kauri gare shi, ga rami a ciki, wato dai abin da tsutsar ke nema ke nan. Kuma da yake ɗa guda ake bari ya girma a kan kowace shuka, in ta cinye gindi to wahalar shekara ta tafi a banza.

Maganin da na yi amfani da shi bana shi ne ruwan Bt, wato Bacillus thuringiensis a taƙaice, irin da ake kira kurstaki. Ba guba ba ce irin wadda aka saba. Bakteriya ce ta cikin ƙasa, sai tsutsa ta ci ta sannan ta lalata mata ciki, ta daina cin abinci, ta mutu. Ba ta taɓa ƙudan zuma, kuma dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan, domin furen kabewa ba ya rabuwa da su.

Kwalbar ta ce a yi feshi. Ni dai a ganina feshi kaɗai bai wadatar ba. Uwar tsutsar, wata ƙwaro ce mai fiffike, da rana take yawo, jikinta ja da baƙi, in ba ka lura ba ka ce zanzaro ne. Ƙwanta ɗai-ɗai take sakawa a gindin kara da sandunan ganye, ƙanana, masu launin ƙasa-ƙasa. Cikin kwana 7 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe, kuma ɗan tsutsar ba ya ɓata lokaci a waje, nan da nan ya huda ya shige. Ga shi rana tana kashe ƙarfin maganin cikin 'yan kwanaki, ruwan sama kuma ya wanke shi. Sai ka yi sa'a ƙwarai feshinka ya dace da wannan ɗan taƙin.

Inda maganin ya burge ni shi ne da aka zo ga allura. Na riƙa bin yaɗon da sassafe ina duba ƙarƙashin kara. Alamar ba ta ɓuya: ɗan rami, da wani abu ruwan ɗorawa mai danshi kamar garin katako a bakinsa, kashinta ke nan. Sai in ja maganin a sirinji, in soka allurar ɗan sama da ramin, in matsa a hankali har in ga ruwan ya fara tsattsafowa. Bayan 'yan kwanaki sai na ga kashin ya bushe, babu sabo. A wani karan da na tsaga da reza don in gane wa idona, na tarar da tsutsar, fara mai kai ƙasa-ƙasa, ta yi laushi ta fara baƙi. Ganyen da ke yin yaushi da tsakar rana ya miƙe abinsa.

Amma fa aiki ne. Allura siririya tana toshewa da naman kara, sai an nemi mai kauri. Kara guda kan ɗauki tsutsa fiye da ɗaya, kowace da wurinta, kuma yaɗon babbar kabewa ba ƙaramin fili yake ci ba. Maganin da aka dama kuma ba ya ajiyuwa, a ranar ake amfani da shi. In kuwa tsutsar ta riga ta yi makonni a ciki, gindi ya ruɓe, Bt zai kashe ta amma ba zai gyara ɓarnar ba.

Shi ya sa nake haɗa shi da binne kara: kowace gaɓa in rufe ta da ƙasa ta fitar da sabuwar saiwa, ko gindi ya samu matsala shukar na da wurin shan ruwa. Bayan girbi kuma a kwashe karan a fitar da shi daga gonar, a juya ƙasar, don a nan tsutsar ke kwanciya har shekara ta zagayo.

Zan sake sayensa. Wanda zai saya kuma ya haɗa da sirinji tun farko.