Shagon da na kai datar furojek dina a Samaru

'Yan ajinmu sun dame ni da tambayar ina na kai aikin babi na hudu, to ga shi nan. Wani dan shago ne a Samaru kusa da kofar ABU cikin layin masu fotokofi, kwamfuta biyu ce kawai sai fanka mai kuka. Na kwaso datar hauhawar farashi da canjin dala daga kididdigar CBN, 1981 zuwa 2022, a zatona zai danna EViews, manhajar lissafin data, ya miko min tebur in kama gabana.

Da gwajin ADF ya kasa kore yunit rut (wato data ta rika yawo ba ta komawa matsakaicinta) a daya daga cikin datar biyu na ce Malam shikenan a rubuta akwai yunit rut, sai ya cire tabarau ya ce Hajiya dakata, shekara 42 ce fa datar taki kuma ADF bashi da karfin gano cewa babu yunit rut in data ta yi kadan, kasa kama barawo ba shi ne babu barawo a gari ba. Wallahi a bayan wata takardar fotokofi da ta lalace ya zana min, wai alkali yana tsoron daure mai gaskiya, wato a kore yunit rut alhali akwai shi, shi ne muke kayyade wannan kuskuren a kashi 5 cikin dari, amma sakin barawo fa, wato a kasa kore shi alhali babu shi, waye ke kirga shi? Ya ce tun 1933 masana kididdiga Neyman da Pearson suka nuna in an kayyade kuskuren farko sai a nemi gwajin da ya fi kowa karfi, to a yunit rut babu gwaji guda da ya doke sauran ta ko'ina, shi ya sa Elliott da Rothenberg da Stock suka fito da gwajin DF-GLS a 1996 wanda ya matsa daf da iyakar karfin. Ya gwada shi, ya kara da gwajin KPSS wanda ke farawa daga daya bangaren, wato ya fara daukar cewa babu yunit rut. Zangon karatu guda na yi ina haddar wannan abu ban gane ba sai ranar.

Matsalarsa alkawari. Ya ce Talata, sai Juma'a bayan masallaci na samu, sau biyu ina biyan kudin keke daga Sabon Gari in tarar an dauke wuta janareta ba mai. Kudin ma da dan tsada kuma baya ragi ko sisi, sannan in kana so a murda lamba ta fito yadda kake so kar ma ka je, a gabana ya sallami wani.

Ku tafi da filas dinku, nasa cike yake da bairos.