Shagon Ticha na Aboabo, da takardar da ta raba mana gardama

Kowa a layinmu Ticha yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan kafe na intanet a Aboabo, nan Kumasi a Ghana: kwamfuta uku, firinta ɗaya, benci biyu, sai fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. A jikin ƙofa an rubuta ana cike fom ɗin jami'a, ana duba sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Ba a rubuta ana ba da shawara ba, alhali ita ce ainihin hajar shagon. Mata da yawa a kasuwar Asawase sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan, in huta da maimaitawa.

Ni atamfa da leshi nake sayarwa, a firamare na tsaya. Yarinyar 'yar farina ce, don haka a yi mini uzuri, sunanta ba zai fito daga bakina ba. Ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya albarkacin karatun kyauta da aka fara a 2017, in ba don shi ba ban san yadda za mu yi ba bayan rasuwar mahaifinta. Ta fito da agiriget 10. Ranar da ta faɗa mini gabana ya faɗi, na ɗauka goma cikin ɗari ake nufi. Ticha ne ya warware mini: darussa shida ake haɗawa, uku na dole, uku na zaɓi. A1 maki ɗaya ne, B2 biyu, har zuwa C6 mai shida. Ƙanƙantar lamba ita ce kyau, kuma babu ƙasa da shida.

Daga nan gida ya rabu uku. Ita Jami'ar Ghana ta Legon take so, can Ankara, wato Accra a bakinmu na Zango, don ƙawayenta biyu can suka nufa, kuma kimiyyar kwamfuta ce a ranta. Ni kwalejin jinya ko ta malamai na fi so, saboda alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗalibansu. Baffanta kuwa ya ce ɗiya mace ba ta kwana a wani gari, in kuma ya zama dole, to Jami'ar Musulunci ta Ankara ko kwalejin malamai ta Al-Faruq a Wenchi. Ba wanda ya iya tuna masa cewa duka biyun ba a Kumasi suke ba.

Sidi 50 Ticha ya karɓa a kan kowane fom, sidi 100 kuma na zaman shawara. Baucar makaranta, wato lambar da ake saye don a cike fom, daban ce, kai za ka sayo abarka a banki ko gidan waya ko ta MoMo, wato kuɗin waya. Da farko na ga ɗarin nan ta yi yawa a kan magana kawai. Sai da muka zauna na ga ko kwamfutar bai taɓa ba. Doguwar takarda ya zaro, ya ja layi ya raba ta gida huɗu, kowane gida shekara guda.

"Hajiya, nawa za ki iya cirewa a shekara ba tare da shago ya girgiza ba?"

Na faɗi wani adadi na fita kunya. Ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Hajiya, na gaskiyan nake tambaya."

Na rage kashi ɗaya cikin uku. Shi ya rubuta a saman takarda, ya ja masa layi biyu.

Sai ya shiga jerowa: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, mota, laftof, data, kwafin takardu. Na ce ai na ji gwamnati ta ɗauke kuɗin jami'a. Ya ce e, tsarin nan da aka ƙaddamar a 2025 gaskiya ne, amma na 'yan shekarar farko ne a makarantun gwamnati, kuma kuɗin karatu kawai, ban da ɗaki, ban da ciki. "Shekarar farko amarya ce," in ji shi, "a ta biyu ake sanin halin gida." Gidajen kwana na cikin jami'a sababbin ɗalibai aka fi bai wa, daga baya sai yaro ya nemi hostal na 'yan kasuwa. A nan Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, su ne na Ayeduase da Kotei da Bomso, kuma kuɗin shekara ake ajiyewa gaba ɗaya kafin a ba ka makulli. Ya buga wa masu hostal biyu waya a gabana, ɗaya a nan, ɗaya kusa da Legon. Na Ankaran da ya faɗi kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu, sai na tambaya ko da katifar zinariya ake bayarwa. Ga kuɗin mota, tafiyar kilomita wajen 250 duk hutu, duk sallah.

Abu biyu ya faɗa mini da ban taɓa ji ba, kuma su kaɗai sun fanshi ɗarina. Na farko, akwai shiga ta ƙa'ida, akwai kuma ta masu biyan cikakken kuɗi, wadda ake iya ba yaron da makinsa bai kai na kwas ɗin da ya nema ba. Kuɗinta ya ninka na ƙa'ida, kuma iyaye da yawa murnar takardar shiga ke rufe musu ido, sai an je biya a kama salati. Ya ce kada mu nuna muna so sai in aljihu zai ɗauka har shekara huɗu. Na biyu, asusun bashin ɗalibai na gwamnati tun 2022 ya daina neman mai tsaya maka, Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ya wadatar. Bai ɓoye mana cewa akwai ruwa a kai ba, ya ce mu kai wa malaminmu maganar, wannan ba fagensa ba ne. Na ji daɗin haka.

Da aka zo batun tarbiyya da yanayin zama, sai ya ajiye biro. Ya ce wannan takarda ba ta iya faɗa, gani ya kori ji. Ya ba mu labarin 'yan Katanga da 'yan Conti na Tek da tsohuwar hamayyarsu, da 'yan Commonwealth na Legon masu jajayen kaya, duka sunayen gidajen kwanan ɗalibai ne, ya ce za mu ji kiɗa da ihu, kada mu yanke hukunci a kansu kawai. Ya ce mu je ranar Juma'a, mu nemi yaran ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA.

Muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Tek Junction. Shekara arba'in da wani abu ina Kumasi, ban taɓa wuce ƙofar nan ba, makarantar da tun 1952 take nan. Muna shiga kuwa muka ci karo da ayarin samari ba riga, suna ganga suna waƙa, har na damƙe hannun yarinya. Amma a masallaci na ga abin da ya kwantar mini da rai. Sahun mata cike, wata ta shigo da gudu, farar rigar ɗakin gwaji a kan hijabinta, ta ajiye jaka ta tayar da sallah. Bayan an idar suka kewaye mu, wata daga Bawku, wata daga Wa, wata 'yar Nima. Suka ce da azumi tare suke shan ruwa, sabuwar ɗaliba kuma ba a barinta ita kaɗai. Mai waken da muka ci a wurinta da Hausa ta tambaye ni ko a ƙara shito, yajin nan namu. Legon ma yarinyar ta je da gwaggonta ta Nima, ta dawo tana yabon ɗakin karatu na Balme da tsaftar wurin. Sai dai ta kwana uku a ɗakin gwaggon, su shida, ta ɗanɗani cunkoson motar safe, ta dawo ba ta ƙara cewa za ta zauna a can ta riƙa zuwa ba.

To, shagon ba ya rasa aibi, kuma ba zan rufe ba. Ticha a Cape Coast ya yi karatu, duk hirar da aka fara sai ta ɓulla can. Ɗiya mace kuma kafin ta buɗe baki ya fara yi mata tallan koyarwa, sai da tawa ta ce, "Ticha, ni fa kwamfuta na ce," sau biyu. Jami'ar Ashesi ta Berekuso, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa ba mai tsaro bisa alkawarin amana, sai a zama na uku ya tuna da ita. Kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, amma suna da tallafin karatu, kuma lokacin da ya ambata ranar rufe nema ta riga ta wuce. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Yaron da ke buga masa fom gaggawa gare shi. Sunayenmu na Zango kowa da yadda yake rubuta su da boko, shi kuwa ya buga yadda ya saba, ba yadda yake a takardar WAEC da Ghana Card ba. Allah ya sa yarinyar ta karanta kafin a tura. Babu janareta, rana guda wuta ta ɗauke muka yi zaman banza har la'asar. Abin da ya fi damuna shi ne rashin sirri. Shagon tafin hannu ne, duk wanda ke benci ya ji jarina, washegari wata a kasuwa har da yi mini jaje. Lambobin sirrin baucar mutane ma a littafi yake rubutawa, littafin kuma a buɗe a kan tebur.

Tek ta shiga, ta hanyar ƙa'ida. Bana tana kwana a ciki, baɗi daga gida za ta riƙa zuwa, sai lokacin jarrabawa ta raɓa da wata ƙawa a Ayeduase. Baffanta ya sauko da ya ga babur ɗinsa na kai shi ƙofar makarantar kafin shayi ya huce. Takardar Ticha tana cikin littafin bashina na shago. Gidan farko ya zarce lissafinsa da kuɗin gyaran laftof da ta jiƙe a ruwan sama, na rubuta a gefe da jan biro.

Maƙwabciyata za ta kai ɗanta mako mai zuwa. Na ce ta je da hantsi ranar Talata kafin benci ya cika, ta riƙe Ghana Card ɗin yaron a hannu, in an zo maganar kuɗi kuma ta ce Ticha ya fito waje su yi ta a gindin mangwaro.