Mariƙin aiki mai juyawa da mai walda ya haɗa min

Masu gyaran tsofaffin rediyo don sha'awa sun san matsalar: hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen narka dalma, ɗaya na riƙe da dalmar, fanel kuma, wato allon da ƙananan kayan rediyo ke liƙe a kai, yana ta zamewa a kan tebur. Akwai mamatsin PanaVise, na wani kamfanin Amurka da ke Reno a jihar Nevada, wanda kansa ke zaune bisa ƙwallo, ya juya duk inda kake so. Kuɗin kawo shi ne ya sa na nemi a haɗa min irinsa a gida.

Kayan uku ne. Kan ƙafar kyamara mai ƙwallo, ƙaramin mamatsi, da tsohon faifan birkin mota daga wajen 'yan gwangwan. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne sukurun kan kyamara ma'auninsa ɗaya ne kusan ko'ina, kaurin inci 1/4 mai zare 20 a kowane inci, saboda haka noti mai wannan ma'auni kawai mai walda ya liƙa a gindin mamatsin. Faifan birkin ya zama gindi, kuma nauyinsa ya isa, ko ka matsa da ƙarfi ba ya motsi.

Juyawar ce ta biya kuɗina. Ka sassauta maɗauri ɗaya, ka kifa fanel ka ga bayansa, ka karkata shi wajen hasken taga, ka ɗaure. Wuyana ya huta da sunkuyo.

Inda ya gaza, ƙwallon ne. Ƙarami na saya don araha, an yi shi ne don ɗaukar kyamara, ba don a riƙa danna shi ba. Wajen liƙa dalma lafiya lau, amma da ka sa zarto ko ka fara goge ƙarfe, sai kan ya riƙa sunkuyawa a hankali. Mai son sassaƙa ko aikin azurfa ya nemi babban ƙwallo.

Haƙoran mamatsin ma suna cizon gefen fanel. Mai waldar ya ba da shawarar robar tiyub, sai dai dalma tana narkewa ne a wajen digiri 183 na Celsius, ƙarfen narka ta kuma ya fi haka zafi nesa, da ya taɓa robar sai wari. Guntun fata daga wajen dukawa na manna, ita ce ke kai har yanzu.