Yawon ganuwar Sinhagad da wani kamfanin yawon buɗe ido na Pune, ga yadda ta kaya

Ranar Asabar muka bi wani ƙaramin kamfani daga birnin Pune na ƙasar Indiya zuwa Sinhagad, tsohuwar ganuwar yaƙi a saman dutse, tafiyar kamar kilomita 30 ce. Bari in fara da abinda bai min daɗi ba, sun ce ƙarfe 6 mota za ta zo, sai wajen 7 da rabi ta iso, muka tarar da go-slow a hanyar hawa dutsen, kuma sai da na yi magana sau biyu kafin su bamu lokacin sallar azahar. Wannan gaskiya su gyara.

Amma mai yi mana jagora wallahi shi kaɗai ya isa kuɗin da muka biya. Ya kai mu bakin wani gangare ya ce ku leƙa, na leƙa sai da ƙafata ta yi sanyi, dutse ne a miƙe kamar bango, ya ce irin wannan wajen Tanaji Malusare, kwamandan yaƙin Shivaji sarkin Maratha mabiyin addinin Hindu, da mutanensa suka hau cikin dare da igiya a 1670 suka ƙwato ganuwar, wadda Shivaji ya miƙa wa daular Mughal ta sarakunan Musulmi tun 1665 cikin ganuwoyi 23 da yarjejeniyar Purandar ta tilasta masa bayarwa. Tanaji a wajen ya rasu, mun ga inda aka yi masa abin tunawa. Har labarin damon da ake cewa an ɗaura wa igiya ya fara hawa ya bamu, amma ya ce wannan zancen baka ne kar mu ɗauke shi tarihi, nan na ƙara yarda da mutumin.

Na tambaye shi kai tsaye ko yaƙin addini ne, don abin na raina. Ya ce wanda ke riƙe wa Mughal ganuwar a daren, Udaybhan, mabiyin addinin Hindu ne daga jinsin mayaƙan Rajput, kuma akwai Musulmi a rundunar Shivaji har da ta ruwa, rigimar mulki ce da haraji da ƙasa. A tsaye a saman nan kana kallon tsaunuka sun jeru sai ka gane yadda manoman Maratha masu ƙananan dawaki suka wahalar da Aurangzeb sarkin Mughal, ya taso da kansa ya zauna yankin Deccan, inda ganuwar nan take, tun 1681 har ya rasu a 1707 bai gama da su ba, duk da ya kashe Sambhaji, ɗan Shivaji, a 1689.

Abincin saman dutse kuma kar ku tsallake, bhakri sunanta, gurasa ce ta dawa da ake gasawa a gabanka, da miyar garin wake da albasa soyayya, sai nono a 'yar tukunyar ƙasa, kindirmo sak, ba nama a ciki don haka ba fargabar yanka.

Taurari 4 na basu. Ku je tsakiyar sati, ku sa takalmi mai kama ƙasa don matakalar na santsi da damina.