Kafin ka sayi kayan gwajin rarraba sinadari da wutar lantarki

Abin da ka zuba a kwalba da sandunan da ka tsoma a ciki su ke yanke abin da zai fito, don haka fara tantance abin da kake son samu kafin ka sayi komai.

Ba kowane abu ne wuta ke rarrabawa ba. Ruwan sukari da barasa ba sa ɗaukar wuta, haka busasshen gishiri, sai an narkar da shi a ruwa ko an narke shi da zafin da ya kai digiri 801 na ma'aunin Celsius. Tataccen ruwa ma da ƙyar yake ɗaukar wuta.

In haidirojin da oksijin kake so, sayi sodiyam salfet (Na₂SO₄) ko asid ɗin salfa (H₂SO₄) da aka sirka da ruwa. Haidirojin zai taso a sanda mai alamar −, oksijin a mai alamar +, kashi biyu da ɗaya. Da farko oksijin zai yi kamar ya gaza, saboda ya fi narkewa cikin ruwa. Gishirin girki shi mutane suka fi ɗauka don yana kusa, amma ban ba da shawararsa ba: in ya yi kauri, iskar kulorin mai guba ce ke fitowa a sandar +, ruwan kuma ya koma soda mai cin fata.

Shuɗin gishirin jan ƙarfe (CuSO₄) ya fi kowanne koyarwa. Da sandunan gawayin girafait (irin na cikin fensir), jan ƙarfe zai lulluɓe sandar −, shuɗin ruwan ya riƙa dusashewa. Da sandunan jan ƙarfe kuwa, sandar + ce ke zagwanyewa, launin ruwan bai canzawa. Amfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) na tsawon awa 1 tana ajiye kusan giram 1.19 na jan ƙarfe, abin da za ka iya aunawa da sikeli.

Sanduna: girafait ya wadatar ga yawancin gwaji, sai dai yana marmashewa a inda oksijin ke fitowa, ruwan ya yi baƙi. Filatinom ba ya lalacewa, tsada ce matsalarsa. Ƙarfe mara tsatsa kada ya shiga ruwan gishiri a matsayin sandar +, domin yana cinyewa ya saki sinadarin kuromiyam mai illa. Ƙusa ko waya ta alminiyam ma narkewa za su yi maimakon ba da oksijin.

Wuta dole ta zama DC, wato mai gudana ta fuska ɗaya irin ta batir. A lissafi bolt 1.23 ke raba ruwa, a aikace sai ya haura 2, don haka na'urar da ake iya daidaitawa daga bolt 0 zuwa 12 ta fi batir. Da AC, wato wutar soket mai sauya fuska, iskokin biyu cakuɗewa suke a kowace sanda, cakuɗar da tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa.