Wa ke kwashe jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa: maikurogiliya ko makurofej?

'Yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce hawan jini ya fasa masa jijiya a ƙwaƙwalwa, likita ya ce ba sai an yi tiyata ba, jinin zai tafi da kansa, kina tambaya ina zai tafi. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke cinye shi, iri biyu ne kuma suka fi yin aikin: maikurogiliya da makurofej.

Maikurogiliya 'yan gida ne. Tun mutum yana ciki suke shiga ƙwaƙwalwa su zauna, wani likitan Sifen mai suna del Río Hortega ne ya bayyana su a 1919. Da jini ya zuba, cikin sa'o'i sun kewaye gudan jinin. Makurofej kuwa baƙi ne: daga ɓargon ƙashi suke fitowa a matsayin monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su biyo jini, sai bayan kwanaki su taru da yawa. Da isowarsu sukan ƙara kumburi, amma da sun fara haɗiye jajayen ƙwayoyin jini sai halinsu ya sauya, su koma gyara. An ga wannan a binciken ɓeraye.

Abin da ya sa sauri ke da muhimmanci shi ne, jar ƙwayar da ba a haɗiye ba fashewa take yi, ta zubar da himogulobin (furotin ɗin da ke sa jini ja) da sinadarin ƙarfe, waɗanda guba ne ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kuma ba ta saurin miƙa wuya, tana ɗauke da wata alama, CD47, mai hana a taɓa ta. Su kuma masu cin suna kama ta da wani makami da ke jikinsu, CD36. Idan ta riga ta fashe, wani makamin nasu, CD163, shi ke tattara himogulobin ɗin da ya watse. A cikin masu cin ake narkar da shi, a kulle ƙarfen a wani furotin, feritin.

A ganina ba a ce wani ya fi wani, na gida sun fi saurin zuwa, baƙin kuma suna ƙara yawan hannu.

Aikin yakan ɗauki makonni, babban guda har watanni. Ko an gama, wani burbushin ƙarfe yakan rage, shekaru bayan haka ana ganinsa baƙi a hoton MRI, kada ya tsorata ku. A kwanakin farko kumburi ne abin lura, idan barcinsa ya yi nauyi ko ya fara amai, a kira likita nan take.