Memphis ko Montgomery?

Hajiya, Allah ya sanya alheri a karatun yaro. Kin ce za ki Atlanta bikin kammala jami'arsa, kwana biyu za su rage miki, kina so ki ga wuraren gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, amma kin rasa zaɓi tsakanin Memphis da Montgomery.

Memphis wuri ɗaya ake zuwa dominsa: otal ɗin Lorraine, inda aka harbe jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, ranar 4 ga Afrilu 1968 yana tsaye a barandar ɗaki mai lamba 306. Yajin aikin masu kwasar shara ne ya kai shi garin. Tun 1991 aka mayar da otal ɗin gidan tarihi. Ɗakin na nan ana leƙa shi ta gilashi, ga tsofaffin motoci biyu a ajiye ƙarƙashin barandar. Rabin yini ya ishe ki, sai dai tafiyar kusan awa shida ce a mota daga Atlanta.

Montgomery kuwa awa biyu da rabi ce, kuma garin kansa ne tarihin. Nan aka kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, baƙaƙe suka ƙaurace wa motocin bas kwana 381. Cocin Dexter Avenue da King ya yi fasto yana dab da fadar gwamnatin Alabama.

Abin da ya fi tsaya min a rai a Montgomery shi ne wurin tunawa da baƙaƙen fata da gungun fararen fata suka kashe ba shari'a, wanda aka buɗe a 2018. Ginshiƙan ƙarfe ne sama da 800, kowanne na gunduma guda, ɗauke da sunayen mutum fiye da 4,400 da aka kashe tsakanin 1877 da 1950. Da farko suna daidai fuskarki. Kina tafiya ƙasa na gangarawa, sai ki ɗaga kai ki gan su suna reto a samanki kamar gawarwaki. Wallahi jiki sai ya yi sanyi.

Ni dai Montgomery zan ce. Ki kwana can, da safe ki wuce Selma, tafiyar awa guda, ki taka gadar Edmund Pettus inda 'yan sanda suka lakaɗa wa masu macin neman 'yancin jefa ƙuri'a duka ranar 7 ga Maris 1965. Kabarin King kuma a Atlanta yake, kusa da cocin Ebenezer, yaron ma zai iya kai ki da la'asar.